Ƙabar Ladan

Maigidana shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Sakkwato tun kafin Nasara su zo. Allah ya ba shi murya, har mutanen wasu unguwanni kan ce da kiransa suke tashi. Amma ladanci ba ya ciyar da gida, don haka yana da 'yar gonar shinkafa a fadama, wajen Dundaye. Da ita muke ci, mu da 'ya'yanmu.

Ba a daɗe da zuwan Nasara ba aka ce kowace unguwa ta ba da maza su ɗauko azara don ginin bariki. Da ya so, da an ƙyale shi, amma ya ce ba za a ce ya ɓuya bayan masallaci ba. Ran da ya dawo na ga yana tafiya yana buɗa ƙafa.

Na ce, "Malam, mi as same ka?"

Ya ce, "Ba komi, gajiya ta."

Haka ya yi ta ɓoye mini har damina ta wuce. Wata rana ina tankaɗe, yana kiran azahar, sai na ji muryar ta tsinke a tsakiyar kalma. Daga baya ya ƙarasa ƙasa-ƙasa. Da ya shigo gida hannunsa na dafe da mara. Ranar ce ya daure ya nuna mini. Wani kumburi ne a matsematsinsa na dama, kamar ƙwan zabo. In ya kwanta ya koma ciki, in ya yi tari ko ya ɗaga murya ya fito. Ƙaba ce. Ya roƙe ni kada kowa ya ji, don mutanenmu ba su tausayin mai wannan ciwo, dariya suke yi masa.

Wanzami ya zo ya yi ƙaho, ya yi tsaga. An sha rubutu, an sha jiƙe-jiƙe. Kumburin sai ƙaruwa.

A cikin wannan hali kawunsa ya dawo daga Makka, bayan shekaru yana tafiya a ƙasa. Tsohon na ganin zaman Malam ya gane, don shi ma ita ce ke jikinsa. Ya kira ni na durƙusa a bakin ƙofa, ya ce in saurara da kyau tunda ni ce mai tukunya. Shi Kawu, wani Bahinde mai magani, mutumin ƙasar Hindu, ne ya duba shi a Jidda.

Ya ce, "Bai ce min ana warkewa ba, ɗiyata. Cewa yay yi, kada ciki shi cika, kada shi ɗaure, kada a yi yunƙuri. In kunka kiyaye wannan, ana rayuwa da ita."

Ya kwance wani ƙulli ya ba ni wasu busassun 'ya'yan itace, baƙaƙe, masu bauri, ya ce in riƙa dakawa ina zuba kaɗan a ruwan ɗumi. In ciki ya ɗaure, a ba shi man zurma a madara mai ɗumi. Hulba da citta kuwa kada su yanke a gidan. Sannan ya nuna mini ɗamarar da ke ƙugunsa, ta saƙi, da curin auduga a daidai wurin. Sai an mayar da kumburin a kwance ake ɗaurawa, kafin mutum ya miƙe.

Daga ranar ban sake sanin hutu ba. Ni ke ɗaura masa ɗamarar kafin ya fita, ni ke wanke ta in shanya a cikin ɗaki don kada maƙwabta su gani. Tukunya ta zama biyu, ta yara daban, tasa daban. Ba wake, ba tuwo mai tauri, ba nama sai romo. Ɗan kunu yanzu, ɗan fate-fate an jima, wuta ba ta mutuwa a murhuna. Guga ma Kawu ya hana shi ja, sai ni. Gonar kuwa Malam ya bar wa ƙanensa, abin da ƙanen ya ga dama ya aiko mana. Na kama dakau ina yi wa mutane don a cike gurbi, tafin hannuna duk ya yi kanta.

Shi kuma ga faɗa. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, sai ya ture ƙwarya ya ce, "Wanga abincin jinjiri na."

In ce, "Ba ni nic ce ba, Malam, Kawu yac ce."

Sai ya jawo ƙwaryar ya sha, ba ya kallona.

Gaskiya ya ji sauƙi. Ciwon marar ya ragu, yana barci. Da 'ya'yan itacen nan suka ƙare, ba inda za a samo su, muka koma tsamiya da filasko. Abu ɗaya ne ya ƙi bari, kiran salla, ko da yake Kawu ya faɗa masa shi ma yunƙuri ne.

Wata Babbar Salla aka yi ta aiko mana da nama, ya ci ya ƙoshi, na yi magana ya harare ni. Washegari ya kira la'asar, ya dawo yana bin bango. Kumburin ya fito ya yi tauri kamar dutse, ya ƙi komawa. Sai amai. Na aika aka kira Kawu. Muka kwantar da shi, muka ɗora ƙafafunsa bisa turmi, ina jiƙa tsumma ina sa masa. Kawu ya duba, na ga fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "An ce akwai likitan Nasara bariki, shina yanka shi ɗunke. Ko mu kai ka?"

Malam ya ce, "Ba a yanka ni da raina."

Kawu ya sa hannuna a wurin ya ce in riƙa turawa a hankali. Ina turawa ina kuka, Malam na salati. Rana ta kusa faɗuwa muka ji cikinsa ya yi ƙugi, abin ya sulale ya koma. Na zauna a ƙasa, na kasa tashi in ɗora tuwon yara.

Bayan wannan Malam ya je ya gaya wa liman a nemi wani ladan. Ya koma zaure yana ɗinkin hula. In sabon ladanin ya fara kira, sai ya ajiye allura, leɓunansa na motsi.

Ya rayu shekaru da yawa a haka, har muka aurar da 'ya'yanmu mata. Maganar likita takan taso, don mun ji wanda aka yanka ya tashi, mun ji wanda bai tashi ba, sai mu yi ta juya ta mu bar ta. Zazzaɓin damina ne ya ɗauke shi a ƙarshe. Matan da suka zo gaisuwa suka yi ta cewa ba su ga mai haƙuri irina ba. Ni dai amin kawai nake cewa, bayana na ciwo, ina jiran su tashi in miƙe ƙafa.