Jan Ƙyallen Malam Abdulrauf

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, bayan la'asar, aka kira ni ina gona aka ce motar da ka shiga ta yi hatsari a hanyar Kano, kuma rai ya yi halinsa. Da aka kawo kayanka gida, Malam Abdulrauf, har da jakar kwalaben ruwan tafkinmu da ka ɗauka za ka kai gwaji. Duk sun farfashe.

Tare muka tashi a Bunkure. Kai ka bi boko har ka zama malamin kimiyyar sinadarai, ni na tsaya a noman rani. Gonakinmu suna can ƙarshen kanal, inda ruwa ba ya isowa sai ya ga dama, saboda haka muke jan na wani rafi da injin ban-ruwa. A rafin nan wata masana'antar rini take sako dattinta: yau shuɗi, gobe ja, jibi baƙi ƙirin. Ranar da ka ga ƙafafuna sun rine sun tsattsage, ba ka tsokane ni ba kamar yadda ka saba. Sai ka ɗebi ruwan a kwalba.

Ka daɗe kana yawo a injinan casar shinkafa na Kura kana roƙon ɓuntu, har ana yi maka dariya wai malami ya koma kiwon kaji. Ka ƙona shi, ka haɗa tokar da sinadarin ƙarfe, ta zama wata hoda. Ka sa muka haƙa tafki, ka zuba hodar, ruwan rafi ya riƙa kwana a ciki. Ka ce hodar ba shan rinin take yi ba, zuga hasken rana take yi ya wargaza shi, ita kuwa tana nan a sake aiki da ita. Ban gane duka ba, amma da idona na ga shuɗin ruwa ya koma garau.

Murnarka ba ta jima ba. Wata rana shanun Dattijo, makiyayin da ke ruga bayan gonakinmu, suka doshi tafkin. A da ko kusa da ruwan rafin ba ya barinsu su je, don launin kaɗai ya ishe shi gargaɗi. Ka ruga da takalminka cikin taɓo kana kora, kana ihu. Da ka dawo kana haki ka ce mini, "Iliyasu, launi ne ke fara tafiya, gubar tana baya. Da can launin ne ke gadinku, ga shi na kore shi."

Tun ranar ka kafa sanda a bakin tafkin, ka ɗaura jan ƙyalle. Muddin yana sama, ba mai sa tiyo, ba mai shayar da dabba. Kai kaɗai ke kwance shi, bayan ka kai ruwan gwaji. Mun sha gunaguni, ni ne ma kan gaba, kai kuwa sai ka yi murmushi ka raba mana goro.

To, ka tafi ka bar shi a ɗaure.

Raina a dagule yake, abokina. Ruwan kanal ya ɗauke, tumatirinmu yana zubar da fure, ga tafki cike fal da ruwa fari tas. Tun a zaman makoki aka fara raɗe-raɗin a kwance ƙyallen. Jiya Sagiru, maƙwabcin gonata, ya tare ni ya ce, "Yaya Iliyasu, don Allah dubi ƙyallen nan. Rana ta cinye shi, ai ya zama fari. Mai shi ma ba ya nan. Mu zuba ido iyalinmu su rasa abinci?" Ban ga laifinsa ba. Na aika wa abokan aikinka su zo su gwada mana, sun ce suna tafe, ban san ko tumatirin zai jira su ba.

Da na je gaisuwa na ba maiɗakinka, Malama Saliha, labari. Ta shiga ɗaki ta fito da ragowar jan yadin da kake yanka, ta miƙo mini. Yau da safe na ɗaura sabo, a gaban kowa. Gonata ce ta fi kusa da tafkin, ita ce kuma ta fi bushewa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya shayar da kai daga ruwan Alkausara. Allah Ya ba Malama Saliha da 'ya'yanka da ɗalibanka haƙurin wannan rashi. Mu kuma da ka bari a bakin tafki, Allah Ya ba mu juriyar jira.