Ƙararrawar Yaya Mamman a Hanyar Dutsen Kara

Wani ɗan sauti ne, ƙwas, kamar an yar da dutse a kan tabarma. Jikata Hanan ce take binciken tsohuwar adakata a gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka, ƙararrawar tagulla ta zamo daga cikin zannuwa ta faɗi ƙasa. Ta faɗi, amma ba ta yi ƙara ba. Ni kaɗai na san dalili. Bana shekara sittin ke nan da rasuwar mai ita, yayana Mamman, Allah ya jiƙansa.

Kwana biyu kafin nan yarinyar ta nuna mini wani hoto mai motsi a wayar mahaifiyarta. Mutane ne a ƙasar Japan suna tafiya a ƙasa kan wata tsohuwar hanya da aka shimfiɗa wa duwatsu, daga wannan tsohon zango zuwa wancan, don nishaɗi kawai. A gefen hanyar an rataye ƙararrawa, duk wanda ya zo wucewa sai ya kaɗa domin namun daji su ji su kauce. Na ce mata ta kashe. Ba ta gane abin da ya taɓa ni ba.

Mu ma muna da irin wannan hanya. Kafin a gama titin mota na Hada, garin da ke saman Dutsen Kara, mai son zuwa Ɗa'ifa daga Makka a ƙasa sai ya bi ta Arfa, ya ratsa kwarin Na'aman, ya kwana a zangon gindin dutse, da asuba ya kama matakalar Kara da mutanen dā suka jera. Yaya Mamman a kanta yake cin abinci. Jakinsa ɗaya, Ɗan Duna, yana hawa da kaya, yana saukowa da rumman da inabi. Motoci suna da tasu hanyar mai zagaye, amma a can ake tsayar da mutane a tambayi iƙama, wato takardar izinin zama, mu kuwa iyayenmu sun zo hajji daga Kano suka zauna, babu wanda yake da takarda a cikinmu.

A shekarun nan ake fasa dutsen da nakiya don yin sabon titi, can sama da tsohuwar hanya. Akwai wata lanƙwasa da hanyar take shiga ƙarƙashin wani ƙaton dutse, na sama ba ya ganin na ƙasa. Don haka masu jakai da ma'aikata suka yi wata yarjejeniya da ba a rubuta ba: kowane jaki da ƙararrawa a wuya, su kuma sun ajiye mai saurare a bakin gaɓa. In ya ji ƙararrawa sai ya ɗaga hannu a dakata. In ya ji shiru sai a kunna.

Ina da shekara goma sha biyar a lokacin. Na yi watannin zafi wajen innarmu a Ɗa'ifa, Yaya ya zo ya tafi da ni gida. A wurin shan shayi na Hada muka ji wani yana cewa askarawa sun sauko tsohuwar hanya suna kama marasa takarda. Yaya ya yi dariya, ya ce askarin da zai hau Kara da wannan takalmi nasa bai zo duniya ba tukuna. Ni kam ban yi dariya ba. Na taɓa ganin an jefa maƙwabciyarmu a mota da ƙullun tuwo a hannunta, ba mu sake jin labarinta ba.

Da muka tsaya sallar azahar, yana cikin sujada na yage bakin mayafina na cusa a cikin ƙararrawar. Da muka kama hanya, taku uku jakin ya yi, Yaya ya waiwayo.

"Ke Auta, wa ya kama bakin Ɗan Duna?"

"Don Allah Yaya, za su ji mu."

"Su wa? Birai?"

Na fashe da kuka. Ya dube ni, ya dubi rana. Ya ce ai ba sa tashin nakiya sai bayan la'asar, in mun wuce lanƙwasar can zai cire, in daina zubar masa da hawaye a kan rumman kada su yi gishiri. Bai taɓa iya ganin kukana ba, tun ina goye.

Ran nan ba su jira la'asar ba.

Ban ji ƙara da farko ba, ƙasa ce ta doke ni a tafin ƙafa. Sannan dutsen ya tsage. Yaya ya hankaɗa ni da hannu biyu cikin wani rami a jikin gaɓa, kaina ya bugu har haƙorina na gaba ya karye. Duwatsu suka yi ta zubowa, wasu kamar tukunya, wasu kamar ɗaki. Birai suna ihu suna tsalle a kan junansu. Da ƙurar ta lafa na rarrafo. Ɗan Duna yana kwance, bayansa ya karye, yana shure-shure da ƙafafun gaba. Mangala ta fashe, rumman sun tarwatse a kan matakalar, har na kasa bambance ruwansu da jini. Yaya yana ƙarƙashin wani falalen dutse daga ƙugu zuwa ƙasa. Na sa hannu ina tona har farcena biyu suka fita. Idonsa a buɗe, yana kallona, leɓɓansa suna motsi da kalmar shahada. Na riƙe kansa a cinyata har suka daina motsi.

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mijina da ya rasu.

Ma'aikata suka sauko a guje, masu jakai da ke bayanmu suka iso. Aka jawo mai sauraren. Dattijo ne, Bahaushe ɗan'uwanmu, harshensa na Sakkwato, da furfura a gemu. Yana cewa, "Wallahi ban jiya ba. Na kasa kunne, ban jiya ƙararrawa ba." Wani abokin Yaya ya ce ƙarya yake, barci ya yi, duk Kara an san muryar ƙararrawar Mamman. Ya ɗauke shi da mari. Sai kowa ya sa hannu. Da ƙotar diga suka doke shi, da igiyar jaki, da dutse. Na ji ƙashin hannunsa ya ɓalle lokacin da ya kare fuskarsa. Ya faɗi, suka bi shi da ƙafa, jini yana fita ta kunnensa, bai daina rantsuwa ba. Ni kuwa ina durƙushe kusa da wuyan jakin. Na kwance ƙararrawar a hankali, na tura ta cikin zanena, na matse ta a ciki.

Ana cewa baki shi ke yanka wuya. Ni na ga ranar da shiru ya yanka.

A maƙabartar ƙauyen gindin dutse aka binne Yaya kafin magariba. Dattijon, an ce an ɗauke shi a kan ƙyaure, ya rayu, amma hannun bai ƙara moruwa ba, kuma an kore shi daga aikin. Ban san sunansa ba. Daga baya aka gyara mana takardu, na yi makaranta har sakandare, na yi aure, na haifi bakwai. Na yi ɗawafi ba adadi da niyyar wannan bawan Allah, na yi sadaka, na yi azumi. Malamai sun gaya mini ajali ba ya wuce ranarsa, kuma na yarda, game da Yaya zuciyata ta samu sauƙi. Amma dukan dattijon ba ajali ba ne. Kalma ɗaya daga bakina da ta tsayar da shi.

Yanzu mota tana hawa Hada kafin shayi ya huce. Har wasu akwatuna aka rataya a igiya suna ɗaukar mutane ta sama, suna leƙen matakalar da Yaya ya ƙare tafin ƙafarsa a kai. Na ji matasa suna zuwa takawa da takalma masu tsada da gorar ruwa, kamar mutanen Japan ɗin nan. Da yana nan, na san dariya zai yi, ya ce a ba su mangala ɗaya su ɗauka tunda ƙarfi ya yi musu yawa. Amma ina jin zai so abin. Ya san kowane zango da sunan mai shayinsa, ya san inda ruwa yake ɓuya a cikin dutse, kullum kuma yana cewa wanda bai taka hanya ba bai san ta ba. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai dube ni. Mutumin da ya sa jikinsa tsakanina da dutse, me zai ce da ƙanwar da ta kasa sa bakinta tsakanin dattijo da sanda?

Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, kabarinsa ma ba na iya nuna shi yau. Abin da ya bari ni ce, da 'ya'yana da jikokina, duk daga wannan hankaɗawa guda muka fito. Shi ya sa nake rubuta wannan. In akwai wanda kakansa Basakkwace ne, ya yi aikin titin Hada, ya dawo da shanyayyen hannu ana ce masa mai barci a bakin aiki, to ya sani kakansa bai yi barci ba. Gaskiya ya faɗa. Ni ce na toshe ƙararrawar, kuma ina roƙon gafararku kafin in je in same shi.

Hanan ta ɗauki ƙararrawar daga ƙasa ran nan, ta girgiza, shiru. Ta leƙa ciki, ta sa ɗan yatsanta ta zaro tsumman, ya ruɓe har yana marmashewa. Ta sake girgizawa. Muryar Ɗan Duna ta cika ɗakin, yadda take tun ina yarinya. Ta dube ni, da Hausarta mai gauraye da Larabci ta ce:

"Kaka, shufi, duba mana, ai lafiyarta ƙalau. Wa ya toshe mata baki?"