Goggo da Motar Ofis

Ina dawowa daga sallar la'asar na tarar da jajayen furanni a jikin farar motar da na zo da ita, ga Goggo tana wanke hannu.

Laifina ne. Da na iso ƙauyenmu kusa da Watari, ni na nuna mata hotunan wani ƙauye da na ziyarta a Poland, inda mata ke zana furanni a bango, rijiya, har akurkin kaji. Ita kuwa da ma ita ke yi wa amaren garin zanen ɗaki.

"Goggo, motar ofis ce fa."

"Kwantar da hankalinka, ɗan nan. Fentin mai na sa, ko damina ba za ta wanke shi ba."

Gaskiya sun fi na Turawan kyau. Amma gobe Litinin. Jama'a, me zan ce wa oga?