Ranar da Lachlan Bai Tashi Ba

Lachlan Rennie maƙeri ne a wani ƙaramin gari na bakin kogin Hunter, a New South Wales ta ƙasar Ostareliya. Shekara goma sha takwas yana buga wa dawaki takalmin ƙarfe, ba ruwansa da siyasa. Sai dai filin da maƙerarsa da gidansa suke kai na Mista Hartnoll ne, wakilin garin a majalisa, kuma duk ranar da ya ga dama zai iya tashinsa.

Ana nan aka naɗa Hartnoll minista. A dokar zamanin, dole ya ajiye kujerarsa ya dawo gida a sake zaɓensa. Galibi ba mai ja da minista, a taru a ƙofar kotu a tafa, a wuce mashaya. Wannan karon Ewan Moir, yayan matar Lachlan, mai taurin kan tsiya, ya ce zai tsaya takara. Amma a doka sai mutum biyu sun tsaya masa a bainar jama'a, ɗaya ya gabatar da shi, ɗaya ya mara baya. Na farkon kawai ya samu.

"Haba maƙeri, kalma ɗaya ce fa," in ji Ewan. "Ka tashi ka ce ka mara, ka koma kan zuga-zuginka."

"To yaya, Allah ya kai mu."

Ana jajibirin taron yaron gidan Hartnoll ya kawo doki, ya ƙare wa rufin maƙerar kallo. "Wuri mai kyau," ya ce. "Wani maƙeri daga Sydney ya dame mu da tambayarsa."

Ranar taron, sau uku jami'in zaɓe yana tambaya ko akwai mai mara baya. Ewan ya kafe Lachlan da ido. Lachlan na zaune a kan benci yana kallon tafin hannunsa, tsoro da kunya sun danne shi. Hartnoll ya koma kujerarsa ba a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba.

Elspeth, matar Lachlan, ta ajiye masa abinci kamar kullum, shi kuwa da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Ya ci gaba da ƙira shekara ashirin. Ewan yakan ja dokinsa ta ƙofar maƙerar, ya kai shi wurin maƙerin gari na gaba.

Da Ewan ya rasu, aka nemi mutum shida su ɗauki akwatin gawar. Lachlan ya yunƙura. Elspeth ta dafa gwiwarsa.

"Yi zamanka, maigida," ta ce. "Ranar da ya nemi ka tashi ta wuce."