Dattijo Mai Ɗaurarren Littafi

Ƙarfe biyu na rana, mai sayar da tikitin silima tana hamma, sai ga wani dattijo a bakin tagarta. Rigarsa ta yi masa yawa, kamar ta wani ƙato, ko kuwa shi ne ƙaton a da. A wuyan hannunsa akwai farar robar da ake ɗaura wa majinyata a asibiti.

Fim ɗin sarakuna da dodanni yake so, kashi na biyu, kuma yana rungume da littattafai ukun da aka ciro labarin daga ciki. Biyu sun sha karatu har bangonsu ya yage. Na ukun sabo fil, an ɗaure shi tamau da igiyar takalmi.

"Baba, a tsakiyar yaƙi yake yankewa fa," in ji ta. "Ƙarshen sai baɗi. Ga shi a hannunka, ka kwance ka karanta mana."

Ya dafe ƙullin, ya murtuke fuska. "Haka likita ya ce, 'yata, wai kada in jira. Shi ke riƙe da baɗi?"

Tana kallonsa yana hawa matakala, taki ɗaya, hutu ɗaya. Mai gadi ya miƙa masa hannu, ya ture. Lalle malamin makaranta ne, ta ce a ranta, irin wanda ba a leƙa shafin gaba a ajinsa.

Daga sama ya waiwayo yana haki. "Kujera ta tara kika ba ni. Riƙe lambar, baɗi ma ita nake so."