Gaurakin Saga

Sadiya Maman malamar ilimin halittu ce a wani lakwal na Yamai. Mahaifinta, Malam Maman, ya zo daga Damagaram yana saurayi, ya yi aikin gidan waya har ya huta. Tun tana ƙarama yake ba ta labarin wata safiya da ya kai wasiƙa Saga, can bakin gulbi a gefen Yamai, ya tarar da gauraki sun sauka a fadamar shinkafa, suna rawa, tukkayensu kamar an yi musu ruwan zinariya. Yanzu idonsa ya dushe, kuma duk wanda ya ga abin tare da shi ya riga mu gidan gaskiya. Jikoki sukan yi dariya su ce, "Tsoho, mafarki ka yi." Wata rana sai ya daina musu. Wannan shirun ne ya dami Sadiya, domin ta ga ya fara yarda da su.

A jami'a ta koyi cewa akwai wani rumbu a intanet inda ake tara shaidar duk wanda ya ga tsuntsu ko ciyawa, da wurin da ya gani da ranar. Ba a shiga rumbun da ƙwarya. Ana rubuta wa ordinatar, wato kwamfuta, umarni, a ba shi lambobi biyu na wurin, ɗaya ta gabas, ɗaya ta arewa, shi kuwa ya je ya kwaso.

Ranar wata Lahadi da hantsi ta zauna gindin dalbejiya, kusa da tabarmar mahaifinta, ta rubuta umarnin. Rezon intanet yana tafiya kamar kwalekwalen da ya sha kaya. Da sunaye suka fara zubowa, ta karanta a fili: aku, giwar kurmi, gwaggon biri.

"A Saga?" in ji tsohon.

"Haka ya ce, Baba."

Ya lumshe ido. "To, Uwata, ashe ni ban ga komai ba."

Ita ma sai zuciyarta ta tafi. Ta ga fadamar ta rufe da itatuwa masu kai sama, aku na kuka a kan gadar gulbi, masu lambun Goudel suna korar giwa daga cikin salati. Ta daɗe a wannan kurmi kafin ta dawo ta dubi umarninta. A aji, kullum lambar arewa take fara koya wa ɗalibai, hannunta kuma ya bi abin da ya saba. Rumbun kuwa ta gabas yake so a fara ba shi. Da ta juya su, ashe ta aika ordinatar can dajin da ke tsakanin Kamaru da Kwango.

Malam Maman ya yi dariya har da tari. "Kin rubuta adireshi a birkice. Da a wurina ne, da wasiƙar ta dawo miki."

Ta gyara, ta sake aikawa. Wannan karon ƴan gida suka zo: balbela, shamuwa, kirinjijiya. Ta nemi gauraka. A Saga babu ko ɗaya. Ta faɗaɗa iyakar, ta bi gulbi zuwa yamma, sai ga layi guda: gauraki a bakin ruwa kusa da Tondibia, a shekarun da mahaifinta yake yawo da keken gidan waya. Babu hoto, sai sunan wani baƙo da ba ta iya faɗa da kyau ba.

"Ba Saga ba ce, Baba. Tondibia ce."

"Tsuntsu ai ba ya neman izinin mai gari," ya ce. "Maimaita mini sunan mutumin."

Ta maimaita.

"Allah ya saka masa. Mun zama mu biyu." Ya gyara zama, ya ce a kira masa jikokin.