Na Tsakiya a Hoton Mang Doroy

Mang Doroy mai hoto bai taɓa shiga ajin jami'a ba sai in ruwan sama ya koro shi. Amma duk wani gwani da ƙungiyar zaƙaƙuran ɗaliban jami'ar nan ta Iloilo ta yaye, sai da ya tsaya ƙiƙam a gaban kyamararsa. Alƙalai, likitoci, matuƙan jirgi, har da wani fadan coci mai wa'azi a rediyo, duk ya ce su miƙe wuya, sun kuwa miƙe.

Dokarsa ɗaya ce: ba ya ɗaukar mutum uku a hoto, domin kowa ya san na tsakiya ke fara mutuwa. Sau ɗaya ya karya ta yana saurayi, da wani injiniya ya matsa masa. Ba a daɗe ba jirgin ruwa ya kife da mutumin, shi ne kuwa ya tsaya a tsakiya. Tun daga nan, in uku suka jeru, sai ya jawo na huɗu, ko mai shara ne.

Bana aka shigar da 'yarsa Luningning cikin ƙungiyar. Ranar bikin, tsofaffin 'yan ƙungiya suka cika zauren, kowa da tumbinsa da lambarsa a ƙirji. Alƙali Sarmiento da wata likitar zuciya, Dakta Villaluz, suka sa yarinyar a tsakiyarsu.

"Danna mana, Mang Doroy," in ji alƙalin. "Ko yatsan ma ya yi ritaya?"

"Ranka ya daɗe, a ƙaro mutum ɗaya."

"Wa za a ƙaro? Kakarka?"

Luningning ta yi ƙasa da murya. "Baba, don Allah kar ka ba ni kunya yau."

Mang Doroy ya waiga, kowa ya rufu a kan teburin taliya da gasasshen nama. Sai ya saita kyamarar ta ɗauka da kanta, ya sheƙo da gudu, ya kutsa tsakanin 'yarsa da likitar. Sun zama huɗu ke nan. Ya saki ajiyar zuciya.

Wayar alƙali ta yi ƙara. Ya ja gefe yana cewa, "Ina zuwa."

Fitilar kyamara ta haska.

Luningning ce ta fara leƙa hoton: ita a hagu, likita a dama. Murmushinta ya ɗauke.

"Baba, goge shi. Mu sake."

"An riga an ɗauka," ya ce. "In muka sake, wa ya san wanda zai faɗa tsakiya?"

Ya wanke hoton ya rataye a shagonsa. Wai bai taɓa yin kyau irin na ranar ba. Kwanan nan ya kai farar rigarsa ta biki, irin wadda ake binne mamaci da ita a garinsu, wurin guga, alhali babu wani biki a gaba. Tari kuma ya kama shi, busasshe, ana jin sa tun daga bakin titi.